Barga da Garka: Muhawara kan Sana'ar Gidanmu daga Tawa zuwa Yamai

Jikan Mai Barga (Yamai):

Assalamu alaikum warahmatullah, iyayena da ƴan'uwana na wannan zaure. Na kawo muku maganar gidanmu ne, domin a cikinku akwai dattawan da suka ga farkon abin da idonsu, akwai kuma masana itace da dabbobi waɗanda ba za su ɓoye mana gaskiya ba. Sana'armu, kamar yadda da yawanku suka sani, ita ce gyaran fili da dashen itatuwa a gidaje da ma'aikatu, tare da ginin barga da shinge ga masu dawaki. Baƙi sukan tambaye mu me ya haɗa mai dashen fure da mai kafa turke, mu kuwa tun da muka buɗe ido a haɗe muka same su.

Kakanmu, Allah ya jiƙansa, ɗan barga ne a gidan wani basarake a ƙasar Adar. Shi ke yankan ciyawa, shi ke kai dawaki rijiya, shi ke share gindin turke safe da maraice. Kashin dawakin da ake jibgewa a bayan gida babu wanda ya kula da shi, sai ya nemi izini ya riƙa kwasa a mangala bisa jaki, yana kaiwa wata ƴar garka da aka ba shi aro a bakin fadama kusa da Tawa. Da farin 1973 da 1974 ya zo, dawakin gidan suka ƙare sai goɗiya ɗaya ta rage, aikin barga ya tsaya cik, garkar nan ce ta riƙe iyali. Daga 1975, da aka mayar da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace, masu neman ƴaƴan bedi suka yi yawa, sai ya ware gefen garkar don reno.

Mahaifinmu shi ya kawo sana'ar Yamai. Kafin nan ya yi ƴan shekaru a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, kuma a can ya koyi abin da har ya rasu yake kira jarinsa, wato sanin inda ruwa zai bi tun kafin hadari ya haɗu. Da dogon tiyo cike da ruwa da sanduna biyu yake auna gangaren fili, bai taɓa yarda a haƙa rami ɗaya ba sai ya gama wannan awon. Da ya kama wuri a bakin kogi yana sayar da dashe, wani alhaji mai dawakin sukuwa ya kira shi ya dasa masa itatuwa, ya tarar da dawakin tsaye cikin caɓi har ƙofatansu na wari. Ya ɗaga daɓen bargar, ya fitar mata da magudana, ladan da ya nema kuwa shi ne a bar masa takin. Daga wannan gida ne aka san mu da ayyukan biyu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ƙanena, autanmu, yana ganin lokaci ya yi da za mu bar aikin barga, a sayar da garkar Tawa a raba kuɗin, mu mayar da hankali kan furanni da ciyawar ado da ake kira gazon. Ni ban yarda ba, amma ba na so in danne shi don na girme shi, kuma da saninsa na kawo maganar nan.

Autan Gida (Yamai):

Yaya, na gode da ka faɗi cewa da sanina ne, domin kada wani ya zaci rigima muke yi. Iyayena, ni ke riƙe da littafin kuɗin sana'ar tun mahaifinmu na da rai. Bargar da muka gina a shekaru uku da suka wuce ba ta kai yatsun hannu ɗaya ba, aikin gazon kuwa kusan kowane mako sai an kira mu. Idan kuma aka duba lokutan da gidanmu ya samu babban aiki, wato wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai a 2005, da bikin ranar Jamhuriya na Tawa Sakola a 2017, da taron shugabannin Tarayyar Afirka a 2019, babu wanda ya ce mu kafa masa turke, fure da ciyawa aka nema. Babur ya karɓi aikin doki a ƙauye, sarakuna ma a mota suke yawo sai ranar sallah.

Garkar kuma tana can fiye da kilomita 500 daga inda muke, ba ta da takarda, gari yana ta matsowa kusa da ita. Bayan ambaliyar 2020 da ta kwashe mana dashen da ke bakin kogi, har yau ba mu iya sayen motar tankin ruwa ba, haya muke yi. Ina girmama tarihi, amma ina da ma'aikata da ke jiran albashi ƙarshen wata.

Tsohon Ma'aikacin Daji (Tawa):

Ƴaƴana, Allah ya yi muku albarka da kuka fito da maganar fili ba ku bar ta tana cinku a ciki ba. Na san mahaifinku tun yana saurayi, lokacin ina ma'aikatar ruwa da daji, kuma ba sau ɗaya na sayi dashe a garkar nan ba. Auta, lissafin littafinka gaskiya ne, sai dai akwai wanda bai shiga littafin ba, shi ne lissafin ruwa. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Yamai ke haura maki 42, kowace mita murabba'i ta gazon tana neman lita 7 zuwa 10 a rana in ana so ta zauna kore. Ka ɗauki gida mai filin ciyawa mita murabba'i 500, ka ga wajen lita 4,000 kenan kullum, abin da zai shayar da dawaki kusan 100, tunda doki ɗaya wajen lita 40 yake sha. Mai gida yakan yi murna a watannin farko, idan takardar kuɗin ruwa ta zo masa sau biyu sai ya ce wa mai gadi ya rage ban ruwa, ciyawa ta ƙone, baƙi kuma su tambayi sunan wanda ya dasa ta.

Ku dubi abin da ya daɗe a ƙasar nan. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa bedi layi bibbiyu don kare gonaki daga iska, ga su nan tsaye babu mai kai musu ko moɗa ɗaya, alhali ruwan saman yankinmu bai cika wuce milimita 400 a shekara ba. Dajin bedin da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965 ma, gatari da rabon filaye ne suka ci shi, ƙishirwa ba ta kashe shi ba. Ba na cewa ku ƙi gazon, mai kuɗi yana da ikon son abinsa. Ku mayar da shi kamar tabarma a ƙofar falo, sauran filin ku ba aduwa da magarya da zogale, shinge kuma na lalle, idan gidan na da faɗi ku sa gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani lokacin da aka fi bukatar inuwa.

Sannan ina da tambaya ɗaya. Ƙasar Yamai yashi ce, ba ta riƙe ruwa sai da taki. Takin da kuke cika ledar reno da shi, da wanda kuke shimfiɗawa ƙarƙashin gazon ɗin kansa, daga ina yake fitowa, kuma nawa kuke biya?

Autan Gida (Yamai):

Baba, daga bargunan da muka gina yake fitowa, kuma ba mu biyan komai sai kuɗin amalanke, domin haka mahaifinmu ya saba da masu dawakin. Wannan bai shiga littafi ba, na amsa.

Ɗan Kasuwar Katako (Yamai):

Da izinin Baba, ni ina bayan Auta, kuma ina roƙon kada amsar nan tasa ta sa a ɗauka magana ta ƙare. Taki ana sayar da shi, na shanu da na awaki suna nan a kowace unguwar bayan gari, ba sai an gina wa wani barga za a same shi ba. Na ga gidaje da yawa na sana'a sun durƙushe saboda ƴaƴa sun ƙi sakin abin da uba ya bari, alhali uban da kansa sauya hanya ya yi lokacin da ya ga zamani ya sauya. Kakansu bai zauna gindin turke yana jiran dawaki su dawo ba, garka ya koma. Me zai hana jikoki su yi yadda ya yi?

Likitar Dabbobi (Yamai):

Alhaji, gaskiya ne taki ana sayensa, amma ni abin da ke damuna shi ne wanda zai gina bargar idan irin wannan gida ya janye hannu. Mafi yawan lokuta sai ɓarna ta auku ake kirana. Kwanan baya na je gidan wani mai ingarma akawal, an yi masa ɗaki kamar shago, kwano ƙasa-ƙasa, daɓen siminti mai santsi, taga ɗaya ƴar ƙarama. Tun daga ƙofa warin fitsari ke sa ido hawaye, dokin ya jiƙe sharkaf da gumi, da na ɗaga ƙafarsa cikin ƙofaton ya yi baƙi ya yi laushi. Maginin ba mugu ba ne, bai taɓa zama da doki ba ne kawai.

Haka nake ganin shingen waya mai ƙaya, wanda ke yanka ƙafa, doki kuwa yana cikin dabbobin da tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora, ya fi saurin kamawa. Haka zuba harawa da dusa a kan yashi maimakon a komi, doki ya yi ta haɗiyar ƙasa har ciki ya murɗe. Abin da ya fi shafar muhawararku shi ne wurin da ake ajiye barga a cikin fili. Ƙananan ƙwarin da ke cizo da magariba, masu yaɗa mugunyar cutar dawaki a ƙarshen damina, a ƙasa mai danshi suke hayayyafa, saboda haka wanda ya kafa barga jikin gazon da ake jiƙawa safe da yamma ya haɗa doki da abokin gabarsa. Sai mutumin da ya san doki ya kuma san ban ruwa zai iya raba su yadda ya kamata. Lokacin annobar murar dawaki da jakuna a ƙarshen 2018 da farkon 2019, gidajen da ke da ɗan wuri a ware don baƙon doki ko marar lafiya sun fi samun sauƙin aiki a hannuna, kuma marigayi mahaifinsu ba ya gina barga babu irin wannan ɗaki.

Gwaggo ta Tawa:

Ni ɗiyarta ce, ita ke faɗa ina rubutawa, kuma ta ce kada in rage ko kalma.

Ɗana babba, ka ba da labari ka bar rabinsa a baya. Ba kakanka ne ya fara renon bedi ba, kakarka ce, uwata. Ita ke fita da asuba da ƙwarya tana tsintar ƴaƴan bedi masu ruwan ɗorawa a gindin itatuwan cikin gari, ta jiƙa su, ta murje naman, ta shanya a inuwa, ta shuka cikin ƴan kwanaki, domin ta gane cewa irin bedi ba ya jimre ajiya, in ya yi makonni ya mutu. Leda ba ta wadata ba a lokacin, gwangwanayen tumatir muke tsintowa, ni ke huda gindinsu da ƙusa, mahaifinku na cika su da yashi da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin doki ƙona dashe yake yi, sai an binne shi an riƙa yayyafa masa ruwa har ya huce ya yi baƙi, wannan ma ita ta gano bayan ta yi hasarar jeri guda.

Goɗiyar da ka ambata kuma ba ka faɗi ƙarshenta ba. Basaraken ba shi da abin da zai biya kakanka, sai ya ce ya tafi da ita, in ta rayu tasa ce. Ƙashi da fata aka kawo ta, sai an tallafe ta take miƙewa. Da ƴaƴan gawo da jiƙaƙƙiyar dusa da ɗan kanwa muka yi jinyarta, ta tashi, ta haihu, kuma da kuɗin ɗanta aka sayi garkar a gaban mai gari da shaidu. Saboda haka ka daina cewa aro, aron ya ƙare tun kana cikin ƙudurar Allah. A yunwar 1984 mahaifinku ya ɗaure kaya zai bi samarin Adar zuwa Abijan, uwarmu ce ta ce ya tafi Keita inda ake biyan aiki da abinci, ko ba komai yana kusa da gida.

Auta, ɗana, ba na jin haushinka, bukatarka gaskiya ce. Sai dai ka sani gadon ubanmu ba a taɓa raba shi ba, ni da ƙanwata muna da rabo a garkar nan, kuma har yau ni ke sa yara suna ba dashen ruwa.

Jikan Mai Barga (Yamai):

Gwaggo, ku gafarce ni. Wallahi ban taɓa jin labarin ɗan goɗiyar ba sai yau, kuma zan gyara abin da na rubuta, sunan Kaka ya shiga inda ya dace.

Tsohon Magini (Yamai):

Na yi shekaru ina ɗora tubali a bayan marigayi, bari in ƙara abin da na gani. Da farko shi ma siminti da kwano yake amfani da su kamar kowa. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kuɗin ƙarfe da kwano da duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, masu dawaki suka daina kira. Sai ya koma ginin laka irin na gida, bango mai kauri, kuma da yake azarar giginya da ake kawowa daga wajen Gaya ta yi tsada, ya nemo maginan da suka koyi rufin tubali mai lanƙwasa, wanda ba ya cin ice ko ɗaya. Ka shiga irin wannan barga da tsakar rana a bazara, ka ji kamar ka shiga randa.

Ƙa'idarsa ba ta da yawa amma ba ya sassauta ta. Barga tana ba gabas baya, domin daga can hadari da iskar hunturu ke bugowa. Ɗakin doki ɗaya ba ya gaza mita 3 da rabi kowane gefe, don ya samu wurin kwanciya da juyawa. Daɓe na birji ne mai ɗan gangare, a bi shi da abin shimfiɗa da ake sauyawa, fitsari ya bi magudana zuwa ramin taki can nesa da rijiya. Turke kuma na ƙirya, tunda gara ba ta cinta. Yaran da suka iya wannan aiki a hannunku ba su fi a ƙirga ba, in kuka sallame su ba za ku same su ranar da kuka neme su ba.

Ɗan Sukuwa (Yamai):

Ina so in gyara wa yayana Auta abu ɗaya. Doki ya bar aikin sufuri, amma bai bar zukatan mutane ba. Ya zo filin sukuwa na Yamai ya ga matasan da ke zuba kuɗi a dawakin Arewa da na Azbin, ya je Doso ko Damagaram ranar hawan sallah ya ga lifidi da jalala. Da yawanmu a ƙofar gida muke ɗaure dawaki ƙarƙashin rumfar zana, don ba mu san akwai masu ginin laka mai sauƙin kuɗi ba, mun ɗauka aikinku na manyan alhazai ne.

Malamin Unguwa (Tawa):

Tunda Hajiya Gwaggo ta bayyana cewa ba a raba gadon kakan ba, to maganar sayarwa ba ta hannun jikoki biyu kaɗai, sai an fara fitar da rabon ƴaƴansa, na mahaifinku a ciki, sannan a raba nasa tsakanin magadansa. Auta yana da haƙƙi, kuma babu wanda zai hana magaji rabonsa da sunan tarihi, wannan zalunci ne. Amma ba dole ne a yanka ƙasa ko a sayar wa bare ba. Ana iya kiran masana su yi wa garkar ƙima, kowa ya san rabonsa a rubuce, wanda ke son kuɗi ƴan'uwa su biya shi, sauran su ci gaba da tarayya bisa yarda. A mazhabarmu ta Malikiyya ma akwai shuf'a, wato abokin tarayya a ƙasar da ba a raba ba ya fi kowa cancantar sayen rabon ɗan'uwansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin gaggawa shi ne takarda, ku tafi wurin hukumar filaye ta Cofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada, tun shaidun cinikin ko ƴaƴansu na raye.

Autan Gida (Yamai):

Na gode wa kowa, musamman Gwaggo, wadda ban san tana da rabo ba, kuma ina neman afuwarta. Na janye maganar sayar wa bare. Sai dai ban janye bukatar tankin ruwa ba, kuma har yanzu ina ganin Alhaji na Katako ya faɗi gaskiya cewa sana'a ba ta zama wuri ɗaya. Abin da nake nema, Yaya, shi ne a yi wa garkar ƙima kamar yadda Malam ya ce, in san rabona, sannan mu buɗe wa aikin barga littafinsa daban har shekara guda, a rubuta takin da kuɗinsa na kasuwa, a gwada ƙananan bargunan laka da Ɗan Sukuwa ya ambata. Idan shekara ta cika bai ɗauki nauyin kansa ba, zan sake tayar da maganar, kuma ina so a shaida na faɗa tun yanzu.

Jikan Mai Barga (Yamai):

Na yarda da shekara guda da littafi daban, kuma lissafin ruwan da Baba ya kawo zan riƙa nuna wa duk mai neman gazon kafin mu karɓi kuɗinsa. Maganar tanki mu zauna a kanta gobe da dare. In Allah ya yarda ranar Asabar mai zuwa ni da kai za mu kama hanyar Tawa, mu ɗauki Gwaggo mu je wurin mai gari da Cofo.

Gwaggo ta Tawa:

Ta ce Allah ya kawo ku lafiya, ku kwana biyu kada ku yi zuwan tsaye, domin akwai sauran labari da ba na waya ba ne. Ta ce kuma in masu awo sun zo ku tsaya a kansu, akwai wani tsohon turken ƙirya a kusurwar gabas kusa da aduwa, ya yi baƙi ya kusa nutsewa cikin ƙasa, kada wani ya ɗauka kututture ne ya tuge shi. A nan aka ɗaure goɗiyar, kuma shi mai gari ya nuna ranar ciniki ya ce daga nan iyakarmu ta fara.